Fiton Habu a Kurmin Gindin Dutse

Ranar Laraba, sha biyu ga Safar, ina zaune a ƙofar gida a Batsari labari ya iske ni cewa Malam Habu na Ruma ya rasu, bayan ɗan zazzaɓi. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan hanya.

Habu, na san ka tun ina malamin dabbobi, ina zuwa rugarku yi wa shanu allura. Kai kaɗai ne Bafillacen da ba ya ɓoye mini rabin garke a bayan dutse. Ban taɓa tayar da babur daga wajenku ba sai da ƙwaryar kindirmo a cikina.

Yamma da rugar akwai kurmi a gindin dutse, inda kanya da ɓaure suka rufe wani idon ruwa. Can wani ɗan tsuntsu yake, bai cika tafin hannu ba, cikinsa ja, tsakar kansa fari fat. Ka sa masa suna Mai Farin Rawani. Ba ya zama a fili, sai inda inuwa ta yi duhu, ƙasa ta yi danshi, kuma duk kukan da ya ji sai ya kwaikwaya. Wata safiya ka ce in yi shiru. Sai na ji fiton da kake kiran shanu da shi yana fitowa daga cikin ganye, ga ka kuma gabana bakinka a rufe. Shanu suka ɗago kai.

Ka ce, "Malam, ya fi 'ya'yana ɗaukar karatu."

Da rani makiyaya kan hau bishiya su saro wa dabbobi ganye. Kai gara ka kora naka nesa da ka taɓa reshe ɗaya na kurmin. Na sha yi maka tsiya cewa ka mai da tsuntsu suruki.

Sai 'yan bindiga suka kore garkenka kaf. Tun ranar ba wanda ya sake jin fito a bakinka. Masu gawayi suka cinye itatuwan kiryar da ke kewaye, mutanen gari kuma suka ce a share kurmin tunda miyagu na laɓewa a ciki. Ba su yi ƙarya ba, kai ma ka sani. Ka yarda aka sare gefe, ka roƙi a bar tsakiya. Don ganin idonka kawai aka bari.

Bayan sadakar uku, ɗanka Daudu ya ba da izinin a sare tsakiyar kurmin, ban kuma ga laifinsa ba. Na bi masu saran da hantsi don in yi wa wurin bankwana. Badaru, shugaban 'yan sa-kai, ya ɗaga gatari ke nan, sai fiton ya taso, dogo sannan gajere, har da 'yar karkarwar da kake yi a ƙarshe. Daudu ya waiga yana neman ka. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Wallahi Baffa ne." Ba wanda ya yi motsi har tsuntsun ya gama. Ni na ji tsoron Allah irin wanda ban taɓa ji ba, da na ga inda Ya ajiye muryar bawanSa.

Badaru ya sauke gatari ya ce, "A bari sai bayan arba'in." Iyakar alkawarin da aka yi ke nan, ban san abin da zai biyo baya ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajjo, da Daudu da ƙannensa, da jama'ar Ruma baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya dawo mana da zaman lafiya. Ya Allah, Ka gafarta wa Habu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi a inuwarKa yadda ya bar wa ƙaramar halittarKa tata inuwar. Bai bar ko maraƙi ba. Abin da ya bari yana gindin dutse, kowace safiya yana kiran shanun da ba su nan. Amin.