Taku Tara Daga Bakin Dandamali

Kawu, ƙanin mahaifiyata, shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar hoton mawaƙa. Ba irin na shago ba, inda ake ce wa mutum ya gyara zama ya ɗaga haɓa. Nasa na fili ne. Da zarar zafi ya shigo aka fara kafa dandamali a babban filin bayan tashar mota duk yammacin Asabar, za ka gan shi can gaba, kyamara a hannu, kati a wuya. Katin nan shi ke ba mutum izinin tsayawa tsakanin shinge da dandamali. Mawaƙin da yake bi, wanda kowa ke kira Oga, mutum ɗaya tak yake ba.

A gidanmu Kawu yake da ɗaki. Ni ke adana hotunan gida, har da nasa, cikin kwalayen takalma goma sha ɗaya. Ina rubuta kwanan wata a bayan kowanne, shi ya sa yake ce mini Magatakarda.

Mama ce ta fara zarginsa. Ya wuce ta a bakin titi, kafaɗa na gogar kafaɗa, ko sannu. Wata rana ya shigo da ƙwauri a fashe, ya ce benci ne. Ga baƙin tabarau har cikin ɗaki.

"Bencin ne ya taso ya same ka?" in ji Mama. Yana fita ta ɗauki rigarsa ta shinshina. "Zama da makaɗa ba ya barin mutum haka. Yaron nan ya fara shan wani abu."

Yaron nan kuwa ya ba hamsin baya.

Ni nawa zargin daga kwalaye ya fito. Hotunansa na da, akwai na bayan mai ganga, akwai na saman mota, akwai wata tsohuwa tana rawa da takalmi ɗaya. Na shekara biyun nan kuwa duk daga wuri guda ne, hagun dandamali, gindin babbar lasifika. Sannan ya koma turo mini kwamfuta yana cewa, "Zaɓi masu kyau, ku yara kun fi sanin yayi." Mutumin da a da ko gefen hotonsa ka taɓa sai ya goge da hannun riga! Har na fara tunanin ko wani ke ɗaukar masa.

Mama ta saya mini tikiti, ta ce in je in ga da wa yake zama.

Na isa tun rana na dukan ka, ana ta jan wayoyi. Na laɓe bayan motar masu sayar da ruwa. Kawu ya shigo shi kaɗai. Ya dafa kusurwar dandamali, ya juya, ya fara tafiya leɓensa na motsi. Taku tara. Ya tsaya, ya kankare ƙasa da dunduniya ya yi alama. Sai ya shafa bakin kyamara, inda ya manna ɗan filasta, ya murza har babban yatsansa ya hau kai.

Da aka fara wasa sai na lura ba Oga yake kallo ba. Kansa a karkace yake, kunne wajen ganguna. Mai ganga na yin wani ɗan gudu, Kawu zai danna, sannan Oga ya daka tsalle. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Can Oga ya ce ga sabuwar waƙa. Ya bar tsakiya, ya tafi can ƙarshen dama ya durƙusa yana miƙa wa mutane hannu. Kawu ya ci gaba da ɗaukar sandar makirfo, ba kowa a wurin. Sau biyu Oga yana waiwayowa yana dubansa.

A gida na ce wa Mama ruwa kaɗai na ga ya sha.

"To a wani wurin yake sha," ta ce.

Ran Litinin da hantsi sai ga Oga a tsakar gidanmu, ya ƙi zama.

"Sababbin waƙoƙi uku na yi bana, ba ni a hoto ko ɗaya. Ni ne sandar makirfo? Ina masu kyan suke? Wa kake kai wa?"

Oga ya nuna Kawu da yatsa.

"Malam, shekara nawa muna tare? Ka gaya mini wanda ya saye ka, ko ka ba ni katina."

Sai na ga Kawu ya sa hannu a aljihu ya fiddo katin. Wato ya gwammace a ce masa maci amana, a ce masa mashayi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba ya gani ne."

Mama ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Oga ya matso, ya ɗaga hannu a gefen fuskar Kawu, ya kaɗa. Ko ƙiftawa.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu," in ji Kawu. "Na dama ya tafi. Na hagu kamar ta cikin ruwan wanki."

"To da me kake ɗauka?"

"Da kunne. Ina sanin za ka yi tsalle tun kai ba ka sani ba."

Oga bai yi dariya ba. Ya karɓi katin ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya ajiye masa a cinya. "Asabar huɗu suka rage. Muna gwaji Talata da Alhamis, ka zo ka haddace sababbin. Bayan nan sai mu gani." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Ka dai tabbata ba wani ke ɗaukar maka ba?"

Kawu ya yi Asabar huɗun, kuma Oga ya fito a kowane hoto. Duk da haka, ranar ƙarshe aka karɓi katin aka ba wani. Kafin nan labari ya gama zaga makaɗan gari, ba wanda ya sake nemansa.

Gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Kawu har damina ta sauka. Ranar da na raka shi asibitin ido, muna zaune a layi, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Wanda aka kora don ha'inci yana samun wani ubangidan. Makaho fa, wa zai ba shi kyamara?"

Aka kira lambarmu, na kama hannunsa muka tashi.