Gaton da Na Ce a Yamai Na Koya

Shekarun baya, lokacin da aka fara tura ni koyarwa wata firamare a garin Isa, na yi wata ƙarya da har yau in na tuna ta sai in ji ba daɗi. Na daɗe ina son in ba ku labarin, kunya ke riƙe ni. Yau dai na ce bari in sauke.

Ni 'yar Turba ce, wani ƙauye kusa da Isa, kuma a gidanmu ni kaɗai na yi boko har na kai ga takardar malanta. Tun ina ƙarama nake fama da son littafi da son tafiya, amma son littafin kaɗai ya samu biyan buƙata. Duk wanda ya faɗo hannuna sai na cinye shi, balle wanda ke labarin garuruwa masu nisa. A zahiri kuwa iyakar tafiyata Sakkwato, ita ma makaranta ta kai ni.

A Isa na tarar wasu mata suna zama duk Asabar bayan la'asar a gidan shugabar makarantarmu, wadda kowa ke kira Hajiya. Malamai ne, da wasu ma'aikatan jinya, da matan 'yan kasuwa masu kai kaya Nijar. A yi musayar littattafai, a sha shayi, kowa ta zo da ɗan abin taɓawa. Hirar kuwa ba ta wuce tafiye-tafiye. Wannan ta je Umra, waccan mijinta ya kai ta Maraɗi sayen atamfa, wata tana labarin Abuja kamar can aka binne cibiyarta. Ni ina gefen tabarma ina murmushi kawai.

Abu ɗaya nake da shi, na iya kek. Yayata ce ta koya mani. Ta girme ni nesa, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ba ta taɓa shiga aji ba sai makarantar allo. Wurin wata maƙwabciyarta da aka auro daga Nijar ta koya, shi ya sa ko kek ba ta cewa, sai gato. Yashi take zubawa a gindin babbar tukunya, ta jera gwangwanayen madara da ta shafe da mai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Maimakon bota, man shanu take sawa wanda take saye wurin matan Fulani, da ɗan gyaɗar ƙamshi da dakakken dabino.

Asabar ta uku na yi nawa na kai. Hajiya ta gutsura, ta tsaya da tauna, ta dube ni.

"Malama, ina kinka koyi wanga? Wanga ba hannun garin nan ba ne."

Karon farko ke nan da dukan idanun wurin suka juyo kaina. Wallahi ban shirya ba. Baki kawai na buɗe na ji kaina ina cewa, "A Yamai. Na yi wata uku can wurin wata gwaggona."

Ba ni da gwaggo ko a Sabon Birni da ke nan kusa, balle Yamai, babban birnin Nijar.

Daga ranar na zama mai gaton Yamai. Aka matsa mani wuri kusa da Hajiya. Duk Asabar sai an ce in ba da labari, ni kuma in zazzago abin da na karanta: kogi, da gada, da yadda rana ke faɗuwa kan ruwa, da masu sayar da burodi dogo kamar sanda. Har kasuwa nake zuwa in tsaya kusa da 'yan Nijar in tsinci kalma ɗaya biyu ta Faransanci, in zo in yafa a hira. Ƙarya ta yi mani daɗi, ba za ni ɓoye muku ba.

Ana nan sai ɗiyar Hajiya ta haihu. Hajiya ta kira ni ofis ta ce gaton Yamai take so a raba wa dukan matan da za su zo suna, ta kuma aiko da fulawa da ƙwai da sukari har gida. Na ce an gama. Da na gwada kwaɓi mai yawa, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Na sake, ya fito kamar dutse. Ashe iyawata ba ta wuce tukunya ɗaya ba.

Na kira Yaya. Lokacin kaka ne, ana tsakar yankan gero, ranar da ba mai barin gona. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari da hantsi sai ga ta a bayan mashin, rungume da tukunyarta, da buhun yashin da ta tankaɗe da kanta, don ta ce yashin Isa bai san ta ba. Muka wuni gaban wuta. Gaskiya dai ita ta wuni, ni shafa gwangwani nake yi da miƙo garwashi. Wajen la'asar murfi ya zame ya ƙone ta a tsintsiyar hannu, ta shafa man shanu ta ci gaba.

Da muka gama na ce, ina kallon ƙasa, "Yaya, gobe in mun je ki zauna wurin masu girki. Can za ki fi sakewa."

Ta dube ni, ta ce, "To, Auta."

Ranar suna gida ya cika. Na ci kwalliya, ina ta karɓar yabo. Can sai Hajiya ta kamo hannuna ta kai ni gaban wata dattijuwa mai farin gilashi. Ƙanwar mijinta ce, kuma a Yamai take aure shekara da shekaru.

"Ga 'yar garinku," in ji Hajiya. "Ita ta yi muna gato."

Matar ta washe baki ta zubo mani Faransanci kamar ruwan famfo. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Na ce "marsi", wato na gode, don shi ne abin da ya rage a kaina. Sai ta koma Hausa.

"Wace unguwa kinka zauna, ɗiyata?"

Na faɗi sunan wata unguwa da na taɓa gani a littafi. Ta ce, "Wagga ban san ta ba. Amma Yamai tana da faɗi."

A daidai nan Yaya ta shigo ɗakin da faranti a hannu, an aiko ta daga wurin girki ta ƙaro gato. Zanenta na jiya ne, da ƙaurin hayaƙi. Ta durƙusa ta ajiye. Hajiya ta tambayi ko wace ce, na ce yayata ce, ta zo taya ni aiki. Taya ni. Haka na ce.

Dattijuwar ta ɗauki ɗaya ta ci, ta jinjina kai.

"Wanga ba gaton birni ba ne. Na tukunya ne, da man shanu. Irinshi kakata ke yi a ƙauyenmu." Sai ta dubi ƙunar da ke hannun Yaya, ta dubi nawa hannun da ya sha lalle. "Baiwar Allah, ke ma kin je Yamai ɗin da ƙanwarki ta koyo shi?"

Yaya ba ta san da wata Yamai ba sai a wannan lokacin. Na ga ta ɗago ta dube ni, na ga ta gane komai. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Ta ce, "A'a, Hajiya. Ni ban taɓa wuce Sabon Birni ba. Ita tak koya mani."

Ta ɗauki tsohon farantin ta fita.

Aka ci gaba da hira, wata ta kawo zancen jariri, maganar ta wuce. Ni kuwa abincin sunan nan ban iya haɗiye ko loma ba. Yayata mace ce da ko a ciniki ba ta ƙarya. In gyaɗarta ta kwana biyu, za ta ce maka ta kwana biyu. Ita ce ta tsaya gaban mutane ta yi ƙarya don kar in kunyata.

Tun kafin magariba ta wanke tukunyarta ta ce za ta koma, gero na jira. Na raka ta bakin hanya ina son in ba ta haƙuri, na kasa. Da za ta hau mashin ta ce, "Wutar ƙasa ke yi maki yawa, shi ya sa yake ƙonewa. Ki riƙa ragewa." Shi ke nan.

Sati guda na yi ina koyar da yara ban san abin da nake faɗi ba. Da Asabar ta zo na tafi zaman hannu wofi. Kafin a zuba shayi na ce ina da magana. Na ce ban taɓa zuwa Yamai ba, ba ni da gwaggo can, gato na yayata ne, kuma na ranar suna ita ta gasa shi duka.

Matar wani ɗan kasuwa ce ta fara dariya. Ta ce, "Malama, ai ni na sani tuntuni. Maigidana duk wata yana can."

Na ce, "To mi ya hana ki faɗi?"

"Labarinki ya fi nashi daɗi. Shi in ya dawo ba ya zancen komai sai kwastan."

Aka yi dariya, har na fara jin sauƙi. Amma Hajiya ba ta yi ba. Ta ajiye butar shayi ta ce, "Zancen Yamai bai dame ni ba, yarinta ce. Amma mace ta bar gonarta ta wuni gaban wuta don jikana, ta zo gidana, ko sannu ta kirki ban yi mata ba don ban san ko wace ce ba. Kin sa ni ma na yi abin kunya. Ba mu za ki ba haƙuri ba."

Washegari na hau mota zuwa Turba, lokacin hanya da sauran lafiya. Na tarar da Yaya a bayan gida tana sheƙar gero. Na durƙusa, na fara magana, kuka ya ƙwace mani. Ta bar ni na yi mai isata.

Sannan ta ce, "Auta, gato wuta ne da yashi, kowa na iya koyo. Ki ce a Makka kinka koya, ni ba ruwana. Abin da yat tsaya mani a rai, cewa da kinka yi in zauna wurin masu girki. Tun nan na san kunyata kike ji."

Gaskiya ta faɗa.

"Kuma kin sa na yi ƙarya da girmana. Na roƙi Allah gafarar tawa. Taki ke kinka san yadda za ki yi." Ta miƙo mani ƙwarya. "Kama mu gama kafin iska ta kwanta."

Muka yi sheƙa har azahar. Ba ta sake tayar da maganar ba, daga ranar har yau. Bayan sati biyu Hajiya da kanta ta sa aka kai ta Turba da turmin atamfa, ta zauna kan tabarmar Yaya ta yi mata godiya. Ni ma ina wurin, amma ko ido ban iya haɗawa da kowa ba.

Yanzu na girma, na koyar a makarantu da dama, na zauna da mata iri-iri. Na lura ƙaryar da mutum ke yi don a matsa masa wuri a taro ba ta tsayawa a kansa. Ni na ɗauka labarin wani gari kawai na ara, ba wanda za ya cutu. Ashe kafin in shigar da Yamai cikin labarina sai da na fitar da wadda ta goye ni.

Yaya ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta daina gasa gato. In na je Turba ni ke yi mata, tana zaune tana ba ni umarni kamar ban taɓa ganin tukunya ba. Ta yafe mani tun ranar sheƙar nan, na tabbata. Amma wani lokaci in ta miƙo hannu karɓar abu, sai idona ya sauka kan tsintsiyar hannunta. Tabon ya dusashe, sai wanda ya san da shi za ya gani. Ni na sani.