Waɗanda Na Tura Gaya

Wata huɗu da kwana goma na yi ban taka bakin titi ba. Wanda bai san takaba ba zai ce ai hutu ne, mace tana zaune ana kawo mata tuwo. To, ya zo ya gwada. Ni da na saba tun hantsi ina cikin kasuwar garinmu Malanbil tsakanin buhunan albasa, in yi ciniki da Dendanci in yi faɗa da Hausa, sai ga ni daga ɗaki sai tsakar gida, da zane ɗaya mai duhu, ba kwalli ba turare. Ba aikin da nike yi, amma kullum a gajiye nike tashi.

Maigidana da rana tsaka ya faɗi, a cikin ɗakinshi, bayan ya dawo daga wajen lodi. Ƙannenshi sunka ɗauke shi a hannu zuwa mota, bai kai la'asar ba. Ɗiyarmu, ita kaɗai ce Allah ya bar mana, shekararta shida, a satin tana ƙauyen Garu wajen innata. Can anka bar ta har anka yi sadakar bakwai.

Ranar da za a dawo da ita, yayar maigidan ta shigo ɗakina. Ita ce babba a danginsu, in ta yanke magana ba mai ɗagawa.

"Ba a faɗa wa yaro mutuwa," ta ce. "Ki ce mata ya yi tafiya. In ta girma ta gane da kanta, haka anka yi mana."

Na ce, "Yaya, tafiya zuwa ina? Yarinyar nan tambaya gare ta kamar ɗan duwan mai binciken kaya a bakin iyaka."

"Garin Gaya mana, can ƙetaren gulbi. Ga gada a rufe, wa zai ce don mi bai dawo ba?"

Lokacin kuwa an rufe gadar da ke tsakaninmu da Nijar, Gaya kuma a wancan ɓangaren take. Manyan motoci sun yi jere har sun nufi hanyar garin Gene, kowane gida akwai wanda ya maƙale a ƙetare. Ƙaryar ta zauna daram. Ban da ƙarfin musu, na ce to.

Sai dai ƙarya ɗaya ba ta isa ba, kullum sai an yi mata faci. Mata na shigowa gaisuwa suna ce mini ya haƙuri, ɗiyata ta ce, "Inna, haƙurin mi?" Na ce haƙurin gada. Ta ce don mi ban zuwa kasuwa, na ce jikina ne ba daɗi. Gwaggon tata kuma ta hana ta fita wasa, kada 'ya'yan maƙwabta su yi suɓul da baka. Shi ke nan anka kulle mu mu biyu, ni don addini, ita don ƙaryarmu. Yarinya mai shekara shida a cikin gida tun safe har magariba, ai sai wanda ya gani. Ta zubar da gishiri, ta jiƙa ashana, ta yi wa akuya kitso.

Ƙanwata da ke Kotonu ita ce ta cece ni. Ta waya ta koya mini inda zan taɓa a salula in samu fina-finan zane na yara, ana kallo kai tsaye in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yarda. Yaya ta yi tsaki ta ce mai takaba da kallon fim, duniya ta lalace. Na ce, "Yaya, ba ni ke kallo ba, ɗiyar ƙanenki ce. In ba ki so, ga ta nan, ki ɗauke ta ki yini da ita." Ba ta ƙara maganar ba.

Bayan azahar muke shimfiɗa tabarma a inuwar bango, in jingina salula da turmi. Da manyan munka fara, waɗanda ke sama a jerin, waɗanda kowane yaro a gari ya san waƙarsu. Kai, sun ishe ni. Ihu, tsalle, kowa na magana da sauri kamar ana korarshi, kuma kowane minti sai an tsaya an yi waƙa. Da Faransanci suke, ɗiyata ba ta shiga makarantar lakwal ba tukuna, ni ce mai fassara. Faransancina na aji shida ne, ya tsufa, ba shi iya gudu. Sai na riƙa gangarawa ƙasa, can inda ba mai zuwa, inda hotunan ba su da walƙiya. A can na samu na kirki.

Akwai na wata tsohuwa mai kiwon zuma a kan soro, da akuyarta malalaciya da ba ta tashi sai an ambaci abinci. Ɗiyata ta ce akuyar gwaggonta ce sak, na kwaɗe mata baki, amma na juya na yi dariyata ta farko tun rasuwar. Akwai wanda anka yi da yankakkun ƙyalle, kana ganin zaren ɗinki a jikin mutanen, labarin jakuna biyu, uba da ɗa, masu dakon gishiri. Wannan sau bakwai munka kalle shi. Akwai na wani tela gajere da ya ɗinka wa iska riga, ban gane kanshi ba har yau, amma launukan na sa barci mai daɗi. Na tambayi mata masu shigowa, ba wadda ɗanta ya taɓa jin ko guda. Asara ce wallahi, don sun fi masu ihun nan hankali nesa ba kusa ba.

Aibinsu ɗaya, manya da ƙanana. Mutanen nan ba su iya fara labari sai sun kashe wani. In ba uwa ba uba, in ba uba ba kaka. Ranar farko da uban jakin nan ya kwanta a hanya bai tashi ba, ɗiyata ta juyo ta ce, "Inna, mi ya same shi?" Na ce ya gaji ne, zai tafi Gaya ya huta. Bakina ne ya faɗa, ban yi shawara da shi ba.

Daga nan ya zama al'ada. Duk wanda ya mutu a fim, Gaya nike tura shi. Tsohuwa mai zuma ta tafi Gaya. Kakan wata yarinya mai jan hula ya tafi Gaya. Wani kare ma ya tafi Gaya. Rannan ɗiyata ta yi tagumi ta ce, "Inna, Gaya ta cika da mutane. Baba ya samu wurin kwana kuwa?" Na ce ya samu, na tashi na shiga banɗaki na daɗe.

A wata na uku ta ji mata na hira cewa yanzu da jirgi ake ƙetare gulbi, mutane da kaya har da babur. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Don mi Baba bai shiga jirgi ba?"

"Tsoron ruwa shike."

"Ƙarya ne, shi ya koya wa kawu iyo."

"Ke, ni kike cewa ƙarya?"

Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta kwanta a ƙasa tana shure-shure. Ranar zafi ya yi zafi, an ɗauke wuta tun safe, kaina kamar ya tsage. Na ce, "Na ji! Ranar da na warke na fita, mu shiga jirgi mu je mu gan shi. Yi mini shiru." Ta yi shiru nan take. Ta ce kwana nawa, ni kuma wawuya na faɗa mata gaskiyar kwanakin da sunka rage mini. Ta samo gawayi ta zana su a bango, kullum da safe ta goge ɗaya.

Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Takaba na ƙarewa, kowace mace murna take yi, ni kuwa ina kallon zanen gawayi yana raguwa ina tsoron ranar. Na je wa Yaya da maganar, ta ce in ranar ta zo sai a ce ya bar Gaya ya wuce Doso. Na ce, daga Doso fa? Ta ce, "Ke dai kin cika tsawaita magana." Na so in faɗa wa yarinyar gaskiya, Allah ya sani, sau nawa na buɗe baki. Sai in ga tana gyara 'yar jakarta ta tafiya, ta sa sabulu da ɗankunne da alawa guda da ta ɓoye wa ubanta, sai in ce bari sai gobe.

Saura kwana tara. Ranar ban da bakin fassara ko kaɗan, muryata ma ta dushe. Na gangara ƙasa na samu wani gajere da anka rubuta ba magana a cikinshi, kiɗa kawai. Na ce alhamdu lillahi, yau na huta. Na jingina salula, na ce mata, "Yau ke za ki ba ni labari." Na kwanta na rufe ido rabi.

Fim ɗin na wasu bushiyoyi ne uku a ƙasar sanyi, uwa da uba da ɗiya. Mai zanen ba shi nuna cikin gidan sosai, bakin ƙofa kawai shike nunawa, da takalma ƙafa uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Da safe duk su ɓace, da yamma su dawo da laka. Ɗiyata na ta surutu: ga su sun tafi gona, ga su sun dawo, ƙaramar ta sa nata a juye. Sai wata rana maƙwabta sunka taru a ƙofar, sunka watse. Daga nan takalma biyu ke fita suna dawowa, babban yana nan inda shike. Ganye ya zubo a cikinshi. Ƙanƙara ta rufe shi, ta narke. Surutun ɗiyata ya tsaya.

"Inna."

"Na'am."

"Uban fa?"

Ido a rufe na ce, "Ya tafi Gaya."

"A'a. Wannan bai je Gaya ba. Ga takalminshi nan."

Na buɗe ido. Ba salula take kallo ba. Ƙofar ɗakin ubanta take kallo.

Takalminshi na kasuwa na nan a bakin ƙofar, inda ya tuɓe su ranar da ya shiga ya faɗi. A hannu anka fitar da shi, ba wanda ya tuna da takalmi. Yaya ta tattara riguna da huluna ta kulle a akwati sai ranar rabon gado, amma takalmi a bakin ƙofa ba abin da ido ke tsayawa a kai ba ne. Ni na san suna nan. Kullum da safe sai in share gefensu in wuce, ban iya ɗaga su ba. In na gan su sai in ji kamar mai su na ciki yana barcin rana.

Ta tashi ta je ta tsuguna a gabansu. Ta sa yatsa ta taɓa ƙurar da ke ciki.

"Baba ba takalmi ya tafi?"

Facin na kan harshena, a shirye: da na Juma'a ya tafi. Da na faɗa da ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Amma na gaji. Ba wani ƙarfin zuciya ba ne ya zo mini, gajiya ce kawai, na kasa ɗaga ƙarya guda ƙari. Na ce ta zo. Ta zo ta tsaya, ba ta zauna ba.

Na ce, "Babanki ba shi Gaya. Allah ya karɓi abinshi tun kina Garu. Ya rasu. Ba shi dawowa, ko an buɗe gada."

Ta riƙa murza bakin rigarta. Fim ɗin na ta kiɗanshi a jikin turmi.

"Uban jaki fa?" ta ce.

"Shi ma."

"Tsohuwa mai zuma?"

"Ita ma."

"Karen ma?"

"Duk wanda na ce miki ya tafi Gaya."

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su, ba ta tsallake ko guda ba, har waɗanda ni na manta. A kan tsohuwa mai zuma ta fara kuka, wai wa zai ba akuyar abinci. Na rungume ta ina cewa maƙwabta za su ba ta. Sai da ta gama da mutanen fim kaf, sannan ta kai kan nata uban, ta kira sunan da take kiranshi da ƙarfi, har Yaya ta shigo a guje ba mayafi. Ta dube ni ta gane. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, na ce, "Yaya, don Allah ba yau ba." Ta zauna a ƙasa tare da mu.

Kashegari da safe na fito da tsintsiya, na tarar an goge zanen gawayin duka, kwana takwas a lokaci ɗaya. Ɗiyata na zaune a bakin ƙofar ubanta da 'yar jakarta a buɗe. Ta kakkaɓe takalman tas, ta jera su, ta sa alawar nan a cikin na dama.

Ta ɗago ta ce, "Inna, yau ki sa mini na jakuna. Amma ki faɗa mini daidai."