Yadda Kawu Mai Hoto Ya Farfaɗo da Gari

Kawuna mai ɗaukar hoto ne, ko kuwa in ce haka aka rubuta a saman ƙofarsa. Shagonsa yana kan babban titin tsakiyar gari, tsakanin wani banki da ya tashi da wani kantin takalma da ya ƙone aka bar shi haka, yana fuskantar tsohon gidan silima wanda tantabaru suka gaje. Shi da matarsa, wadda muke kira Anti, suna zaune a saman shagon, ɗaki biyu da ɗan kicin. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun bar unguwar, kamar yadda kowa ya yi.

An ce a zamaninsa ya yi tashe. Angwaye da amare, sababbin sojoji, 'yan makaranta, ba wanda bai tsaya gaban labulensa ba. Labulen nan shi ne abin alfaharinsa: wani ƙaton ƙyalle da aka zana wa ruwa yana gangarowa daga dutse, jirgin sama yana wucewa a bisa, sai wata dabba a gefe wadda Kawu ya rantse barewa ce, ko da yake duk wanda ya gan ta akuya yake cewa. Da wayar hannu ta zo, kowa ya zama mai hoton kansa. Abin da ya rage wa Kawu sai hoton fasfo, shi ma sai wanda ya yi ɓatan hanya.

Sai ya sake sana'a ba tare da ya sake allon ƙofa ba. Ya koma makoki, makokin titi. Da la'asar, in ma'aikata sun rufe ofisoshi sun ɗare motoci sun gudu unguwanninsu, sai ya fito da kujerarsa bakin ƙofa ya zauna yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Ko hanya ka tsaya tambaya, ka shiga uku.

"Ka ga titin nan?" zai ce. "A da, in ka jefa allura sama, a kan mutum za ta sauka. Yanzu dubi. Ko kare in ya biyo ta nan sauri yake yi."

Ya ƙware har 'yan jarida suka san da shi. Duk wanda ke neman labari kan mutuwar tsakiyar gari, wurinsa ake turo shi. Ya shiga rediyo sau da dama. Yana da wata ajiyar zuciya ta musamman da yake sakewa daidai lokacin da aka miƙo masa makirfo. Anti ta ce ta taɓa jin shi yana gwada ta a banɗaki.

Wata shekara hukumar gari ta kafa kwamitin farfaɗo da tsakiyar gari, aka ba wata mata mai farin tabarau da waya biyu shugabanci. Ta zo shagon da kanta, ta kira shi Baba, ta ce ba za su yi komai ba sai da shawararsa. Kawu ya gyara zama ya ba ta shawara tun daga azahar har rana ta yi sanyi: a buɗe silima, a dawo da masu kiɗa, a hana mutane ɗaukar hoto da waya a kan titi. Ta yi ta gyaɗa kai tana latsa waya ɗaya da hannun dama, ɗaya da na hagu. Da za ta tafi ta ce, "Baba, ɗan kalle ni." Kafin ya gyara hula ta ɗauke shi hoto.

Abin da kwamiti ya yanke shi ne kasuwar abinci ta yamma. A rufe titi ga motoci, a jera rumfuna, a rataya ƙananan fitilu daga wannan gini zuwa wancan. Ba silima, ba masu kiɗa sai lasifika. Amma an buga ƙaton ƙyalle an rataya a jikin tsohon bankin, ga Kawu a kai, baki a ɗan buɗe, ido ɗaya a lumshe, a ƙasa an rubuta: MUN JI KUKANSA.

"Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara wa mutane fuska," in ji Kawu, "a ɗauke shi da waya, haske na bayansa!"

"To ai ka fito," in ji Anti. "Haka kake in kana magana."

Duk da haka ya sa rai. Ranar buɗewa ya share shago, ya goge gilashi, ya kaɗe labule, ya saka kwat ɗinsa mai ruwan toka da ta fara matse shi a hammata. Lissafinsa shi ne mutum in ya ci ya ƙoshi zai so ya bar tarihi. Jama'a kuwa sun zo, ba ƙarya. Kafin magariba titin ya cika maƙil, ga masu tura jarirai a keke, ga samari da 'yan mata, ga ma'aikatan da suka saba gudu sun cire tayen wuya sun tsaya layin dankali. Kuma sun shigo shagon Kawu. Na farko ya tambayi banɗaki. Na biyu ya nemi inda zai sa cajin waya. Wata mata ta shigo ta zauna a bencinsa, ta buɗe takardar kazarta ta cinye, ta goge hannu, ta yi masa sannu da aiki, ta fita.

Mai gasa kazar kuwa daidai ƙofar Kawu aka ba shi wuri, wani ƙaton mutum mai fara'a da ba ya jin faɗa saboda ƙarar janaretonsa. Hayaƙinsa ya bi ya lulluɓe hotunan da ke jikin gilashi, amaren da suka yi shekaru suna murmushi a wurin suka fara maiƙo. Duk abin da Kawu ya faɗa masa, sai ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Na gode, Baba! Ai kai ka kawo mana wannan alheri!"

Ba abin da ya fi wannan yi masa ciwo. Ya fito da kujerarsa don ya yi makoki, babu wurin ajiye ta. Ya tare wani saurayi ya fara, "Ka ga titin nan?" Saurayin ya ce, "Na gani, Baba, ya haɗu!" ya wuce da leda a hannu.

Sai Kawu ya juya. Ya saka kwat ya tafi ofishin kwamiti ya ce an kashe masa titi. A da mutum yana jin kukan tantabaru, in ji shi, yana jin numfashinsa, yanzu sai hayaƙi da ihu da ɓawon ayaba. Shugabar ta saurare shi da wayoyinta biyu, ta ce abin da ya faɗa yana da muhimmanci ƙwarai, za a kafa ƙaramin kwamiti. Ya nemi 'yan jaridarsa, suka ce yanzu labarin nasara ake so, ko zai yarda a ɗauke shi yana cin kaza?

Yana can yana wannan zirga-zirga, Anti tana gida tana kallo ta taga. Ita ba ta taɓa shiga rediyo ba. Wata yamma tana soya kifin da za su ci, ƙamshi ya sauko ta matakala, wani mutum da ke zaune a bencin shago yana jiran wayarsa ta cika ya ɗaga murya ya ce, "Mama, na sayarwa ne?" Ta leƙo, ta dube shi, ta dubi kaskon, ta ce na sayarwa ne. Kawu ya dawo daga ofishin kwamiti a gajiye, ya tarar da burodi da shayi.

"Ina kifina?"

"Ya tafi farfaɗo da gari."

Mako bai zagayo ba ta sauko da risho. Daga nan ta sayi babban kasko, ta samo teburi, ta jawo bencin zuwa ƙarƙashin labule saboda can ne ya fi fili. Nan abin ya ɓaci. Wata budurwa ta ɗauki kanta da waya, kifi a hannu, ruwan dutse da jirgin sama a bayanta, ta watsa. Kashegari layi har bakin silima. Kowa so yake a gan shi da akuya.

"Barewa ce!" Kawu zai daka tsawa daga kusurwar da aka tura shi.

Da ya ga yadda suke riƙe waya a karkace, suna yanke wa juna kai da ƙafa, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya fizge wayar wani ya ce, "Kawo nan, kada ka kashe ni. Ke, ɗaga haɓa. Kai, rufe baki, ba haƙoranka muka zo gani ba. Matsa hagu, ka tare jirgin." Ya ɗauka. Hoton ya yi kyau, don gaskiya Kawu ya iya aikinsa. Tun daga ranar sai ya zama duk wanda ya sayi kifi yana da damar Kawu ya zage shi ya ɗauke shi hoto, kyauta. Samari har roƙo suke yi, "Baba, ni ba ka zage ni ba." Ya taɓa kawo maganar a riƙa biyan wani abu na hoton, Anti ta ce kada ya kore mata mutane.

Na je gaishe su a wannan lokaci, na same shi da waya uku a hannu, kwat ɗinsa tana warin kifi. Na ce, "Kawu, kasuwa ta buɗe." Ya harare ni ya ce, "Uwarka ma haka take, ba ta san lokacin da ake yin shiru ba." Anti ta miƙo mini faranti ta bisa kansa.

Da kasuwa ta cika shekara, kwamiti ya shirya biki, aka kafa dandamali a gaban silima, aka ce za a karrama waɗanda suka yi fice. Aka aiko wa Kawu cewa yana ciki. Mutumin da ya yi wata da watanni yana neman a rufe kasuwar, sai ga shi ya kai kwat wurin tela an buɗe hammata, ya yi aski, ya shirya jawabi a kansa, yana bita yana hawa matakala yana sauka. A cikin jawabin, shi ne ya fara kawo shawarar kasuwar.

Shugabar ta karɓi makirfo, ta karrama mai gasa kaza, ta karrama mai lemon kwalba, ta karrama kanta a fakaice. Sannan ta ce, "Akwai wani dattijo da kowa ya sani a titin nan. Ba sai na faɗi sunansa ba." Ta duba waya ɗaya, ta duba ɗayar, da alama sunan ba ya cikin ko wacce. "Jama'a, ku tafa wa mijin Mai Kifi!"

Titi ya ɗauka da tafi da fito. Kawu ya tsaya cak a ƙasan dandamali. Na ɗauka juyawa zai yi. Sai na ga ya gyara kwat, ya hau, ya karɓi wani ɗan allon katako na karramawa da hannu biyu, har da rusunawa. Ya miƙa hannu zai karɓi makirfo, shugabar ta riga ta miƙa wa mai saka kiɗa. Ya tsaya a gefe yana murmushi, sai da ya gyara wa mai ɗaukarsu hoto tsayuwa kafin ya sauko.

Ya iso shago yana riƙe da allon a ƙirji. Anti tana juya kifi, ba ta samu zuwa ba saboda layi.

"Sun karrama ni," ya ce.

"Madalla, maigida. Me suka ce ka yi?"

Ya duba allon, ya juya bayansa, ya sake duba gabansa. "Ba su rubuta ba."

"To ajiye shi a sama, ka wanke hannu. Waɗancan 'yan matan tun ɗazu suke jiranka, kifinsu har ya huce."