Littafin da Ya Mayar da Ruwan Tiga Baya

Mun tashi da asuba daga Kano a motar majigi, mu huɗu: jami'in da ke jagorantar tafiyar, mai haska fim, direba, sai ni da babu sunana a takardar kowa. Sana'ata rubuta allunan shaguna, amma raina yana ga zanen hoto mai motsi. Na ji ofishinsu na neman wanda zai riƙa yi musu irin wannan zane don finafinan wayar da kan manoma, kuma bakin jami'in nan ne zai ce a ɗauki wane. Direban maƙwabcina ne, shi ya roƙa mini gurbi a bayan mota, da sharaɗin in taya ɗaukar kaya.

A aljihun rigata akwai littafi mai shafi ɗari biyu da na yi wata uku ina zanawa. In ka saki shafukansa da babban yatsa, za ka ga ƙauye, ruwan dam ya taso ya shanye shi, a ƙarshe masunci ya wuce a kwalekwale. Na zaɓi dam ne don na san shi hukuma ke son gani.

A Kwanar Ɗangora muka karya. Ƙosan sule ɗaya ya ishi mutum biyu, in ɗayan ba direbanmu ba ne. Jami'in yana zaune shi kaɗai a benci yana shan shayi, dama ta samu sarai. Na je, na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi iyali, na dawo. An raine mu a kan cewa mutumin kirki ba ya faɗin abin da ya iya, kuma ranar na gane tarbiyyar ta kama ni fiye da yadda nake so.

Mun kwana a Kiru, aka nuna fim ɗin takin zamani. Washegari na yi ta maza na miƙa wa jami'in littafin. Ya buɗe tsakiya, ya ga shafi ɗaya na ruwa, ya ce, “Madalla,” ya mayar mini. Bai saki shafukan ba, ni kuma na kasa cewa ya sake su. Abin ya yi mini ciwo.

Daga Tudun Wada, inda rake ya yi arha har ba a tayawa, hanya ta shiga dajin Falgore. Birai na zaune a bakin titi suna kallon mota kamar su ne masu karɓar haraji. Doguwa kuwa duwatsu ne da sanyi da masara gasasshiya. A can direba ya ga abin nawa ya ƙi ci, sai ya ɗauki tallata a kansa. Ya ce wa jami'in ko a Ingila babu mai hannuna. Jami'in ya ce to a kai ni Ingila. Ban ƙara ciro littafin ba.

A hanyar dawowa muka ratse wani sabon ƙauye a ƙasar Bebeji, na mutanen da ruwan dam ɗin Tiga ya tasa. Gidajen a jere suke, babu itacen da ya kai a zauna a inuwarsa. Bayan la'asar ina kwance kaya, littafin ya faɗo. Wani dattijo mai gyaran komar kamun kifi, wanda aka ce a da manomi ne, ya ɗauka.

“Ɗana, wannan na mene ne?”

“Zane ne, Baba. A saki shafukan da yatsa.”

Dattijon karatun allo ya yi, don haka ya kama littafin ta dama, yadda ake buɗe littafin Larabci, wato daga inda ni na ƙare. Na buɗe baki zan gyara masa, shafuka sun riga sun fara gudu. Kwalekwale ya koma da baya. Ruwa ya fara janyewa. Kan bishiyar kuka ya ɓullo, sai jinkunan ɗakuna, sai rumbuna, sai wata mace tana daka a tsakar gida.

Ya sake. Ya kuma sakewa. Sannan ya ɗora yatsa a shafin, ya ce, “Ga kukar ƙofar gidanmu.”

Kukar bayan unguwarmu ce a Kano na zana, amma ban faɗa ba. Kafin a jima mutane sun kewaye shi, kowa na nuna inda gidansu yake. Babu wanda ya yi kuka, babu kuma wanda ya je taya kafa farin ƙyallen majigi. Shi ya sa jami'in ya zo duba abin da ya riƙe jama'a. Ya leƙa ta kafaɗar dattijon har sau biyu.

“Wa ya yi wannan?”

Wannan karon ban jira direba ba. Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe. Shi na nuna maka a Kiru.”

Ya ce in kawo littafin ofis Litinin ta sama. Dattijon bai saki littafin ba. Ya ce, “Ɗana, uwar 'ya'yana tana ciki ba ta da lafiya, ba ta gani ba. Ko za ka bar mana shi?”

Wata uku ne a hannunsa, kuma ba ni da wani. Na ce ya riƙe.

Jami'in ya ce, “To me za ka kawo mini?”

“Zan zana wani, ranka ya daɗe.”

Ya ciro biro, ya tambayi sunana. Kwana huɗu muna mota ɗaya, sai ranar ya tambaya.

Mun iso Kano da azahar ta washegari. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Gaisuwa ba ta nuna aiki, yabon maƙwabci ma haka. Aikin za ka sa a hannun mutane, in an tambayi mai shi ka ce kai ne. Ban san ko za a ɗauke ni ba. Saura kwana takwas, na sayi sabon littafi, na rubuta sunana a bango. Shafin farko ruwa ne cike.