Izinin da Kakana Ya Jira

Har yau in na murza ganyen tumatir a hannu, ƙamshin nan sai ya mai da ni gonar kakana ta bayan Kura, a shekarun da farar hula suka dawo mulki. Ni ce jikarsa mai kai masa fura, shi ya sa kunnena ya kwashi abin da zan ba ku.

Gonarsa tana can ƙarshen layin ban ruwa, sai kowa ya sha sannan ruwa ya iso gare shi. A wani rani ciyawar kachala ta cushe babbar hanyar ruwa, ruwan ya koma kamar zare. Ga tumatir ya fara fure. Samari suka ce a yi gayya a nome ta. Kaka ya hana, kuma a unguwarmu in ya hana an hanu. Ya ce kayan gwamnati ne, ba a sa masa lauje sai da izini.

A saninsa, gwamnati kamar sarauta take: ka gaya wa mai unguwa, ya gaya wa dagaci, magana ta yi ta hawa har ta isa. Sai ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ƙulle goro a leda, ya je wurin kansila. Ya dawo yana fara'a.

"Amaryata," haka yake tsokanata, "kansila zai gaya wa ciyaman, ciyaman ya gaya wa gwamna, gwamna ya gaya wa shugaban ƙasa. Ki shirya kwando."

Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, shugaban ƙasa ya san ka ne?"

Baffana, direban da ke kai tumatir Kudu, ya durƙusa ya yi masa bayani. "Baba, gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne, kowa da ƙuri'ar da ta kawo shi. Ruwan nan na gwamnatin tarayya ne, ciyaman ba shi da ta cewa. Shi kansa shugaban, sai 'yan majalisa sun yarda yake taɓa kuɗin gyara."

Kaka ya ce, "To gida ne babu maigida?" Ya juya kai, bai yarda ba.

Muka yi ta jira. Kullum da hantsi yana bakin hanya, in mota ta tayar da ƙura sai ya miƙe ya gyara hula. Furen ya kakkaɓe, ƙasa ta tsattsage, ganye ya nannaɗe. Ranar da ya ce wa samarin su ɗauko laujensu, muryarsa ƙasa-ƙasa, babu sauran abin ceto a gonar. Bai ƙara noman rani ba, wani aka ba haya.

Yanzu 'yata tana dawowa daga makaranta tana rera mini matakan gwamnati uku da rassanta uku, tsaf, babu gargada. Ina jin daɗi mana. Amma ranar zaɓe, in aka miƙo mini takardu kala-kala, kowacce da mutuminta, sai in tsaya da tawada a yatsa ina tunanin wanne cikinsu Kaka ya kamata ya kai wa goron nan.