Aljanin Seydou da finjali na uku

Shekara ashirin Illiya ya yi yana kai Turawa yawon hamada, daga Agadas zuwa Bilma har Jado. Da Turawa suka ɗauke ƙafa, abin da ya rage masa tsohuwar taswira ce da ƙwayoyin lido biyu. Sai ya kwaso hamadar ya shimfiɗa ta kan tabarma. Kullum bayan la'asar, a ƙofar gidansa, shi yana ba da labari, abokansa sun zama ayari, ƙwaya ce ke yanke wa ya samu rijiya, wa ƴan fashi suka tare. Tafiyar da ta rage masa ke nan, kuma yana son ta kamar ransa.

Seydou mai gyaran moto, wato babur, shi ne ya kusa kashe wasan. Ya jefa shida biyu, doka ta ba shi damar kiran aljani. Shi ke nan fa! Aljanin nan ya haƙa rijiya, ya kori ƴan fashi, har raƙumi yake goyawa. Kwana huɗu bai tafi ba.

Rabi'u tela ya ce, "Illiya, in gobe aljanin nan na nan, ni ba na nan. Mun zama ƴan kallo!"

Seydou ya ce, "Ina aka rubuta ranar tafiyarsa?"

Ba a rubuta ba kuwa. Hankalin Illiya ya tashi. In ya kori aljani, Seydou ya yi fushi. In ya bar shi, sauran su watse. Sai idonsa ya faɗa kan butar shayi.

"Seydou, aljaninka ɗan gida ne ko baƙo?"

"Baƙo mana, kiransa na yi."

"To baƙo a garin nan finjali nawa yake sha kafin ya yi sallama?"

Wayyo, dariya! Rabi'u har da birgima. Nan take doka ta zauna: aljanin kowa, shayi uku, ya kama hanya. Seydou ya shiga dabara, ya yayyafa wa gawayi ruwa, ya ɓoye sukari cikin rawani. Rabi'u ya dinga fifita wuta da hula. Da na uku ya fito, Seydou ya kurɓe shi kamar magani, ya ɗaga wa iska hannu ya ce, "Sauka lafiya."

Illiya ya fara naɗe taswira, don a saninsa bayan na uku kowa tafiya yake. Rabi'u ya dafe ta.

"Ina za ka kai ta? Baƙo aka ce. Mu mun yi maka kama da baƙi? Ɗora na huɗu!"

Illiya ya juya musu baya yana hura gawayi. Ya daɗe yana hurawa, ko da yake wutar ta riga ta kama.